Ƙibar da Muka Yi wa Barka

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Jiya-jiya kuka zo, kun ga ana miƙa wa mutum kwalba ta taga yana jefawa aljihu yana tafiya, har wani cikinku ya ce wai wannan aiki ko mai tallan goro ya iya shi. Na ji ka, kai mai jar hula, kunnena bai mutu ba. To mai tallan goro ya fi ku wayo, don shi ya san wanda zai kira da suna a kasuwa da wanda zai yi kamar bai gani ba. Ni Garba, da gemuna baƙi wuluk na shiga ɗakin maganin ƙanjamau na asibitin nan, yau ga shi fari fat, kuma har gobe akwai abin da in an tambaye ni sai dai in sosa ƙeya.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin nan cusa auduga ne. Inna Rabi, tsohuwar nas ɗin da ta buɗe ɗakin, Allah ya jiƙanta, ta tura mini ƙunshin auduga da kwalaben magani ta ce kowace in buɗe in danna mata har wuya. Raina ya ɓaci, ni da na yi makarantar kiwon lafiya a ce in zauna ina cusa auduga. Ta ɗauki kwalba ɗaya wadda ban taɓa ba, ta sa mini a aljihun gaba, ta ce in sunkuya kamar zan yi ruku'u. Na sunkuya, sai kacau-kacau. Ta ce, "To ka ji. Na kusa da kai a sahu ma ya ji." Tun daga ranar ban sake ba mutum kwalba mai ƙara ba. Wani kuma ko kwalbar ba ya son a gani, sai mu juye masa a gwangwanin madara ko kwalin shayi, a ɗaure a baƙar leda.

Abu na biyu da ta koya mini shi ne riƙe gaisuwa. Mutum ya zauna gabanka da safe ya yi kuka, ka ga haƙarƙarinsa, ka san abin da uwarsa ba ta sani ba, da la'asar ku yi kiciɓis a kasuwar Bagudo. Ba ka da ikon fara gaishe shi. In ya miƙo hannu ka karɓa, in ya kau da kai kai ma ka kalli tumatir. Wannan ya fi allura wuyar koyo, don mu nan ƙin gaisuwa zagi ne, ga shi aiki ya ce ka ƙi.

Sai na uku, sikeli. Yanzu kuna ganinsa can lungu ana taka shi kamar dutsen wanka, amma a zamanin shi ne alƙalinmu. Mutanen da ake kawo mana lokacin, wani a amalanke, wani an ɗaure shi da rawani a bayan mai babur don kada ya faɗo, duk ƙashi ne da fata. A fara ba mutum magani, wata ya zagayo ya hau sikeli, allura ta ɗan matsa gaba, sai Inna Rabi ta tafa hannu ta ce barka. Mu ma mu ce barka. Huɗubarmu ɗaya ce ga kowa: ka ci nama, ka ci ƙwai, ka zuba man shanu, ka sha fura da nono, in ka samu kitse kada ka bari. Kuma ba wauta muka yi ba. Wanda mazagin wandonsa ya zagaye shi sau biyu, me za ka ce masa in ba ya ci ba?

Na'urar awon hawan jini kuwa guda ce a asibitin, tana ɗakin awon masu ciki. Mutanenmu ta ƙofar baya suke shigowa, ta gindin darbejiya, su fita ta nan. Wa zai yarda ya ɗauki katinmu ya je ya zauna tsakiyar matan garinsu a benci? Saboda haka ba ma aunawa sai wanda ya ce kansa na sarawa, shi ma sai an aro na'urar an ɓoye ta cikin zani.

Akwai wani mutum, zan kira shi Alhaji Bawa, ba sunansa ke nan ba, kuma kada wani ya tambaye ni garinsu, can wajen Kende ne dai kafin ka kai bakin iyaka. Falken shanu ne, yana sayowa daga kasuwannin Benin ya koro su zuwa Tsamiya da Bagudo. Ranar da aka kawo shi babbar rigarsa ce kawai ke nuna akwai mutum a ciki. Da muka keɓe, bai tambaye ni ko zai mutu ba. Abin da ya fara gaya mini maganar kwano ce.

Kun san ciyayya, ko ku 'yan birni an daina a wajenku? Bayan magariba kowane magidanci a unguwa a fito masa da tuwonsa ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma ɗaya, a jera kwanuka, a buɗe na wannan kowa ya sa hannu, a gama a jawo na wancan. A unguwarsu ƙofar Alhaji ake zama tun zamanin mahaifinsa. Da ya fara ramewa, yana tari, ba wanda ya ce masa uffan. Sai wata rana maƙwabcinsa Mamman Tela ya zo da ƙaramin kwanon sha, ya gutsuri tuwo ya zuba miya ya tura masa gefe, ya ce, "Alhaji, ga naka nan, kar mu takura ka." Washegari haka, jibi haka. Daga baya tabarmar ma aka janye ta zuwa ƙofar wani gida, wai can ya fi iska.

Yana ba ni labarin nan idonsa a ƙasa. Ya ce, "Likita," don kowa a asibiti likita ne a wajensu, "in maganin ga na iya maishe ni ga tabarma, ko duwatsu ne ni haɗiye su."

Ban taɓa ganin mai shan magani irinsa ba. Ko yana tsakiyar daji da shanu, lokaci ya yi zai tsaya ya haɗiya. Ya ci abin da muka ce ya ci, ya ƙara da nasa, don falken shanu ba ya rasa tozo. Kumatu suka fito, wuya ya cika, tari ya tafi. Ba a jima ba sai ga tabarma ta dawo ƙofarsa ba tare da kowa ya ce komai ba, Mamman Tela da kansa ya jawo kwano ya ce bisimilla Alhaji. Aka koma cewa ai sammu aka yi masa, wasu suka ce ciwon shawara ne. Duk zuwan da zai yi sai ya hau sikeli da kansa kafin a ce masa, ya tsaya yana kallon fuskata. Ni kuma in ce, "Barka Alhaji, ka ƙaru." Haka muka yi shekara da shekaru. Har da shi nake kafa misali ga sababbi, ba da suna ba, in ce akwai wani da aka kawo a amalanke yanzu babur na kuka in ya hau.

Shekarar da aka rufe boda ita ce muguwar shekararmu. Muna da mutane a tsallake, wasu 'yan nan ne da ke noma ko aure can, wasu 'yan can ne da suka fi son karɓar magani inda ba a san su ba. Rana ɗaya hanya ta toshe. Ni da babur ɗina muka koyi hanyoyin 'yan fasa-ƙwauri, ta gonakin dawa da kwazazzabai, kwalaben magani cikin buhun gero, in tsaya gindin wata tsamiya ko wata rijiya in jira mutum ya ɓullo. 'Yan kwastam sun tare ni ba sau ɗaya ba suna neman shinkafar fasa-ƙwauri, a zazzage buhu a ga kwalabe, ni kuma ba ni da bakin cewa na wane ne. Wasu mun same su, wasu sai labari. Waɗanda maganinsu ya yanke na ga yadda suka koma, kuma ba na fatan ku gani. Ku riƙe wannan, don zai dawo cikin maganata: wanda ya bar maganin nan kabarinsa ya fara haƙa.

A wannan tsakanin ne kuma aka canza mana magani, aka kawo sabo, ƙwaya ɗaya a rana, ba jiri, ba mugun mafarki irin na da, ga shi yana danne ƙwayar cutar har a gwada jini a rasa ta. Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Shi kuwa Alhaji da boda ta rufe sai ya bar bin shanu, ya kafa benci a kara, kasuwar shanu, yana dillanci, daga zaune sai zaune. Ya buɗe ƙwarai, har wuyan riga ya daina rufuwa. Ya hau sikeli allura ta yi can, na ce barka kamar kullum.

Wata safiya ya shigo ta ƙofar darbejiya yana haki, ya dafa bango kafin ya zauna. Daga bakin hanya zuwa ɗakinmu ko yaro ba zai ce tafiya ba ce. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, sai dai in ya yi sauri yana jin kamar an ɗora masa buhu a ƙirji, abin ya bi ta kafaɗa ya sauka hannun hagu, in ya huta ya wuce. Ya ce da aka buɗe hanya ya leƙa Segbana can cikin Benin, abin ya kama shi a can, wani ma'aikacin asibitinsu ya ɗaura masa abu a hannu ya ce sha takwas, har yana riƙe baki. "Mi ne ne sha takwas, likita? Ai ba yawa." Ni ma ban gane ba, mu nan da ɗari da wani abu muke ƙirgawa. Na aika aka aro na'urar masu ciki. Da na auna sai na ga sha takwas ɗinsu ɗari da tamanin ne namu. Na sake aunawa a ɗaya hannun, ko na'urar ce ta ruɗe. Ba ita ta ruɗe ba.

Lokacin an kawo mana wata likita daga Birnin Kebbi, Sa'adatu, yarinya ce amma ta san aikinta, kuma ba ta da girman kai. Ta saurari ƙirjinsa, ta ɗebi jini ta aika Birni. Sakamako ya dawo: ƙwayar cuta ba a ganinta, wannan madalla, amma maiƙo ya yi yawa a jini, sukari ma ya fara leƙowa. Ta zaunar da ni ta ce, "Baba Garba, masu wannan ciwo zuciyarsu ta fi ta sauran mutane shiga haɗari. Ita kanta cutar, ko tana kwance, tana wahalar da jijiyoyin jini. Wasu magungunan kuma, har da irin na da can da ya daɗe yana sha, suna ƙara maiƙo a jini. Wannan sabon kuma ana lura yana sa wasu ƙiba."

Na ce, "To wanne ne ya kama Alhaji? Cutar, ko tsohon magani, ko sabon?"

Ta ce, "Kowanne na iya zama. Ga shekaru, ga zama wuri ɗaya, ga tozo."

Na ce, "To a cire masa maganin?"

Ta ce, "Kul. In ya bari, zuciyar ma sai ta fi shan wuya, ga cutar ta tashi. Canji kuma sai mun auna, don wannan ne ya fi riƙe masa ita."

Wallahi na fita daga ofishinta kaina ya ɗaure tamau. Abin da na kwashe rabin rayuwata ina rantsuwa da shi cewa shi ne rai, yau an ce yana iya taɓa zuciya, kuma an ce kada a bari. Ƙibar da muke tafa wa hannu, yau an ce ita ce abin tsoro. Inna Rabi ta riga ta rasu, ba wanda zan je in ce wa, Inna, ashe barkar nan tamu tana da iyaka? Kuma daga wane kilo ne barka ke komawa jaje? Na tambayi likita wannan ma, ta nuna mini lissafin tsawo da nauyi, na gane lissafin, amma ban gane ranar da ya kamata bakina ya canza ba.

Ga wata damuwar kuma. In na ce wa mutum ɗaya maganin nan yana taɓa zuciya, kafin kasuwa ta ci sau biyu labarin ya kai har Dole Kaina can bakin iyaka, kuma ba yadda na faɗa zai kai ba. Zai kai cewa maganin asibiti na fasa zuciya, rabin mutanena su watsa kwalabensu a kogin Kwara. In kuma na yi shiru na ci amanar mutumin da ya ba ni sirrin da bai ba ɗan'uwansa ba. Gaba kura, baya sayaki.

Tare muka zaunar da shi, ni da likita. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta ba shi maganin hawan jini da na rage maiƙo, ta ce ya rage gishiri da dunƙule, ya bar kitse da man shanu, ya riƙa tafiya a ƙasa a hankali, ya sauke jiki. Yana ta gyaɗa kai, "To, to, Allah shi saka." Da ta fita sai ya juyo gare ni, fuskar nan ba dariya.

"Likita, ka hwaɗa mini gaskiya. Maganin ga raya ni shikai ko kashe ni?"

Na ce, "Raya ka yake, Alhaji. Ba don shi ba da yanzu an manta inda aka rufe ka. Sai dai yana da nasa nauyi, shi ya sa za mu riƙa lura."

"Kai kac ce in ci. Da bakinka kac ce kar in bar kitse."

Na ce, "Na faɗa. Lokacin shi ne daidai."

"Yanzu kuma in rame shi ne daidai."

Na ce ba ramewa ba, ragewa. Ya yi wata 'yar dariya ya ce mutanen unguwarsu ba su da sikeli, ido gare su, kuma ido bai san bambancin ragewa da ramewa ba.

Magani kam bai ba ni wahala ba. Da aka ce ba zai bar na farko ba, bai bari ba, ya haɗa da sababbin biyun yana sha kamar yadda ya saba. Abinci ne ya gagara. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, a gaya wa Hajiya uwargidansa, wadda ta san komai tun farko, ta rage gishiri da mai. Ashe ban yi tunani ba. A ciyayya ba tuwon gidanka kaɗai kake ci ba, kwano shida ne ko bakwai, kowanne sai ka sa hannu, in ka tsallake na wani ka raina matarsa. Da Hajiya ta fitar da miya salam ba man shanu, sai aka fara raɗa cewa karayar arziki ta kama Alhaji tun rufe boda, har mai ake tsimi a gidansa. Ta yi kuka ta ce ita ba za a mai da ita abin dariya ba, tana da gaskiya kuma.

Na ce masa to ga dabara. Hawan jini ba abin kunya ba ne, ciwon manya ne, ciwon masu kuɗi ma ake ce masa. Ka faɗa musu a fili likita ya hana ka gishiri da kitse, ba ƙarya ka yi ba. A dafa maka naka daban, ka zauna tare da su ka ci.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kwano daban? Ni Bawa, ƙohwar gidan ubana? An taɓa yi mini shi, likita. Ba ni yi ma kaina da hannuna."

Duk da haka ya gwada, kada in ci haƙƙinsa. Bai ware kwano ba, amma ya riƙa gutsurar kaɗan, yana kauce wa inda mai ya taru, ya bar shayi mai madara da tsiren la'asar, yana takawa zuwa kara maimakon hawa babur. Na ga amfanin abin da idona, awon ya fara sauka, hakin ya ragu, wuyan riga ya rufu. Na yi murna, amma da ya hau sikeli allura ta ja baya sai na rasa abin faɗa, don bakina bai saba yi wa wannan barka ba, shi ma kunnensa bai saba ji ba. Muka tsaya muna kallon allura mu biyu kamar waɗanda aka yi wa sata.

Ana haka ya gayyace ni garinsu, wai in zo a matsayin mai neman ragon suna, in ga abin da yake faɗa. Na je, magariba ta same ni can, aka shimfiɗa tabarma. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, wani gidan da kifi, man shanu na yawo a sama. Ina kallonsa yana ɗan tsakura. Sai Mamman Tela, tsoho ne mai fara'a, ba mugu ba ne ko kaɗan, ya tsaya da loma a hannu ya ce, "Alhaji, lahiya dai? Kwanan ga na ga ka hwaɗa. Ba dai abin nan na da ba ne ya dawo?"

Wani da ke gefensa na ga ya ɗan janye gwiwa, kaɗan dai, ko shi bai san ya yi ba. Alhaji ya yi dariya ya ce azumin nafila ne, ya miƙa hannu tsakiyar kwano inda man ya taru, ya yanko loma babba, ya tsoma ta har wuyan yatsu. Ya ci ya ƙara, ya jawo kwano na gaba. Ina zaune ina gani, ni baƙo mai neman rago, ba ni da bakin magana.

Da ya rako ni wajen babur na ce, "Alhaji, zuciyarka fa." Ya ce, "Na sani. Maganinku duka ina sha, ko guda ba ni bari, wannan alkawali ne. Amma ka bar mini jikina yadda shike. Zuciya ba mai ganinta." Na yi masa wa'azi iya wa'azi, na kawo masa zancen 'ya'yansa, na ce rai ya fi bakin mutane. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka ɗaura mini ƙwaryar man shanu a bayan babur, tsaraba.

Na kai ƙara wajen likita, ta kira shi ta yi nata, ta ƙara masa magani, har ta kawo zancen tura shi Birni a duba zuciyar da kyau. Ya je sau ɗaya. Jiki ya dawo, ya ma fi da. Duk zuwa in ɗaura masa na'ura, don lokacin likita ta sa an saya mana tamu, in faɗa masa abin da na gani, ya ce Allah shi kyauta, ya karɓi kwalabensa da audugarsu ya fita. Hawa sikeli kuwa ya daina, ni ma na daina cewa ya hau.

Shi ya sa kuke ganin na kafa muku doka a ɗakin nan, kuna gunaguni wai tsoho na ɓata lokaci layi na tsawo. Ba wanda zai karɓi kwalba sai an ɗaura masa na'ura. Wanda ya fara cika, ku yi masa magana tun bai mai da ƙibar rigar mutuncinsa ba. Ku tambayi sigari, ku tambayi haki, ku tambaye shi ko cikin iyayensa akwai mai hawan jini. Ku faɗa masa abu biyu a numfashi ɗaya, kada ku raba su: maganin nan ba a barinsa, kuma zuciya sai an lura da ita. Yadda za ku faɗa ɗaya bai kori ɗaya ba, wannan kam ban gama iyawa ba balle in koya muku. Wani in ka faɗa ya gane, wani ya tafi ba ka sake ganinsa.

Ranar wata kasuwa da hantsi, Alhaji na tsaye a kara yana riƙe da hannun wani Bafulatani ana ciniki, sai ya ce a ba shi wuri ya zauna. Ya zauna, ya dafa ƙirji, ya kwanta. Kafin a samo mota ya cika. Gwajinsa na ƙarshe da muka yi, ƙwayar cutar ko alamarta babu. Ta fannin aikin da aka ɗauke ni in yi, mutumin nan nasara ce tsantsa, ba ni da wanda ya fi shi. Na rasa ma wa zan ji haushi, cutar, ko maganin, ko tozo, ko tabarma, ko bakina da ya yi ta cewa barka. Na tambayi likita ko da an canza masa magani da ya kai yanzu. Ta ce Allah kaɗai ya sani, kuma na ga ita ma abin ya tsaya mata.

Na je gaisuwa ranar uku. Ƙofar gida cike, an baza tabarmi har bakin hanya. Mamman Tela ya gane ni, mai neman rago, ya matsa mini wuri kusa da shi. Idonsa ya yi ja, da gani ya yi kuka na gaske. Aka yi addu'a aka shafa, sai ya juyo yana gaya wa jama'a, ni ma ina ji.

"Mu munka yi mishi wanka. Mutum cike da jikinai, sai da munka kama mu huɗu. Ku tuna abin da anka riƙa hwaɗi a kansa shekarun baya, har muna ware mishi kwano. Allah ka gahwarta muna. Mai wancan ciwo haka shika mutuwa? Zuciya ce, ciwon manya. Allah ya wanke bawansa."

Mutane suka amsa, "Ya wanke shi kam." Babban ɗan Alhaji na gefe, na ga ya ɗaga kai a karon farko tun zuwana, yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Mamman Tela ya dafa gwiwata ya ce, "Ko ba haka ba, malam?"

Na ce haka ne.